Sha Biyu ko Ashirin

Babana maharbi ne kafin ya zo Madina. Ni dai ban san shi da bindiga ba sai a labari, domin ina da shekara shida muka baro ƙauyenmu na arewa da Damagaram, ni da shi da mahaifiyata, aka zo aikin Hajji aka zauna. Wanda na tashi na sani shi ne mai gadin wata gonar dabino a wajen Ƙiblatain, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda in tsuntsu ya gifta ta sama sai ya katse zancen da yake yi ya bi shi da ido har ya ɓace. A nan kuwa ba a farauta. Garin Manzo harami ne, ko tantabara ce ta sauka a gabanka ba ka da ikon taɓa ta, balle baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ya ce zai ajiye bindiga. Shekara arba'in da ɗoriya bai ɗora yatsa a kan kunamar bindiga ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, ni da Auta, wanda na ba shekara goma sha ɗaya. Shi a Madina aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma tun yana ƙarami in ka yi masa magana da ita sai ya mayar maka da Larabci. Ya yi karatu da kyau, karatun ya fitar da shi ƙasar waje, daga nan ya zarce Amurka, ya sami aikin gyaran injina a wani ƙaramin gari, ya yi aure, ya zauna. Mahaifiyarmu ta rasu, mijina ma ya rasu, gonar da Baba yake gadi aka sare dabinonta aka yi gine-gine. Sai na ɗauko shi ya dawo wurina a unguwar Ƙurban, ɗaki biyu a hawa na farko, inda nake ɗinkin kayan mata. A lokacin da nake ba da labarinsa ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinsa, idonsa na hagu ya yi yana, na daman ma sai a hankali.

Auta yakan kira duk mako biyu, bayan la'asar ɗinmu, shi kuma safiyarsu. Maganarsa da Baba ba ta wuce minti biyar. A gaisa, a tambayi jiki, a tambayi iyali, Baba ya ce zafi ya shigo ko ya fita, sai shiru. Daga nan Baba ya miƙo mini wayar ya ce, "Uwata, ga ƙaninki." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Haka aka ɗauki shekaru.

Ranar nan ina bakin keke ina haɗa wata riga, na ji sun gama gaisuwa, na fara goge hannu don na san yanzu za a miƙo waya. Sai na ji Auta ya ce, "Abuya, andi su'al." Wato yana da tambaya. Ya ce mutanen wurin aikinsu suna fita farautar dik rumi in bazararsu ta zo, sun ce ya bi su bana, yana so ya sayi shozan, irin bindigar nan mai watsa ƙwayoyin dalma. "Itna'ash walla ishrin?" Sha biyu ko ashirin.

Baba ya juyo wurina. "Me ya ce za su harba?"

Na ce, "Talo-talo, Baba."

"Talo-talo? Na gida? Babu wuƙa ne a ƙasar?"

Auta ya yi dariya, rabon da in ji ya yi dariya da Baba har na manta. Ya ce a'a, na daji ne, a cikin itatuwa suke, suna da wayo, in sun hango mutum daga nesa sun tafi. Baba ya gyara zama. Ya ce, "Ba a amsa wannan tambaya a tsaye. Ce masa ya ba ni kwana biyu."

Kwana biyun nan sun zama kusan mako uku. Tun daga washegari Baba ya mayar da ni 'yar aike tsakaninsa da Amurka. Ya ce in tambaya nauyin tsuntsun nawa. In tambaya in ya tsorata gudu yake yi ko tashi. Dajin sarari ne ko duhuwa. Bin sa ake yi ko zama ake yi a jira shi. Ni in rubuta da Larabci in aika, amsa ta zo in karanta masa da Hausa. Da Auta ya turo wani ɗan fim na maharbansu, mutum ya jingina da gindin itace yana busa wani abu mai kukan macen talo-talo, an kafa wata ta roba a gabansa, Baba ya kalla ya fi sau goma, wayar manne da idonsa na dama. Ya ce, "Ashe su ma suna da burtunsu." Ya ba ni labarin yadda suke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa har su isa kusa da tuji, wanda shi ne tsuntsu mafi girma da ya taɓa harbi. Na kai shekara hamsin a duniya ban taɓa jin wannan labari daga bakinsa ba.

Ni ban san komai a kan bindiga ba, na ɗauka ashirin ta fi sha biyu girma. Ya ce, "Lambar bindiga ba ta takalmi ba ce, uwata. In lamba ta yi ƙasa, baki ya yi faɗi." Ya lanƙwasa babban yatsa da manuniya ya nuna mini faɗin bakin sha biyu, ya ɗan matse ya nuna na ashirin. Ya ce sha biyu harsashinta ya fi ɗaukar dalma, tana cin nesa, amma tana da nauyi kuma tana shurin mai ita kamar jaki. Ashirin ba ta da nauyi, shurinta kaɗan ne, sai dai tana son mutum mai haƙuri, wanda zai bari dabba ta matso. Tasa ta dā sha shida ce, tsakanin biyun, wani Balarabe Kwara mai kanti a Damagaram ya ba shi don yana raka shi daji. Kafin ita baushe yake riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Na tambaye shi ina sha shidan take. Ya ce ita ya sayar aka cika kuɗin hanya da muka zo.

A makonnin nan Baba ya ci abinci. Mutumin da nake fama da shi ya sha rabin kofin kunu, sai ga shi yana tambayar ko akwai sauran tuwo. Ya daina kwanciyar hantsi. Har maƙwabcinmu na ƙasa, wani mai gyaran famfo daga Cadi, ya tsayar da ni a matakala ya ce, "Hajiya, wane magani aka canja wa Baba?"

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce sai ya taɓa talo-talo da hannunsa, hoto ba ya gaya wa mutum kaurin gashi. Na ce ina za mu sami na daji a Madina. Ya ce na gida ma ɗan'uwansa ne. Muka ɗauki tasi zuwa kasuwar tsuntsaye da ke bayan gari. Wuri ne mai ƙura da wari, keji a kan keji, tantabaru da kaji da agwagi, masu ciniki suna ta ihu. Can ƙarshe muka sami mai talo-talo huɗu a cikin wani shinge na waya. Ya ji muna magana sai ya gaishe mu da Hausar mutanen Sudan, ya ce iyayensa 'yan Mai Wurno ne. Na gaya masa gaskiya ba saye muka zo ba. Ya ce, "Ma'alesh, Baba ya taɓa yadda yake so." Ya kamo babban namijin ya riƙe masa ƙafafu.

Baba ya durƙusa da ƙyar. Ya cusa yatsunsa cikin gashin ƙirjin, ya buɗe fiffike ya lanƙwasa manyan gashin, ya kama wuyan nan ja mai tsiraici ya auna shi da yatsa biyu. Ya ce a ɗora masa shi a hannu ya ji nauyi. Ya daɗe bai sake shi ba.

Ya ce, "Wannan gashi sulke ne. Wanda ya harbi jikin nan ya ɓata nama, tsuntsu kuma ya tafi ya mutu a inda ba za a gan shi ba. Kai da wuya kawai."

Mai talo-talon ya ce, "Baba maharbi ne ke nan?"

Baba ya ce, "An yi."

Da muka dawo ya sa na zana masa kan talo-talo da wuyansa a jikin kwali, daidai girman wanda ya taɓa. Washegari da sanyin yamma muka sauka lungunmu. Ya ce in tsaya da kwalin a daidai gwiwata, shi zai ja baya taki talatin ya ga yadda abin yake ƙanƙancewa, don ya san ko ƙwayoyin ashirin za su cika shi. Ya juya yana ƙirga taki yana dogara sanda. Da ya kai talatin ya waiwayo. Ya daɗe yana kallo. Ya matso ashirin, ya sake tsayawa. Ya matso sha biyar.

Ya ce, "Uwata, kin ɗaga kwalin kuwa?"

Na ce, "Yana hannuna, Baba."

Ya ƙaraso har inda nake, ya shafa zanen da yatsa, ya ce mu hau sama, iska tana damunsa. Babu wata iska ranar.

Duk da haka da muka zauna ya yanke magana. Ya ce tsuntsu mai wannan nauyi da wannan wayo, sha biyu ce daidai da shi, gobe a aika wa yaro. Na ce to. Da safe na kai masa shayi na tarar ya daɗe zaune a bakin gado, ko hula bai sa ba. Ya ce, "Kar ki aika. Na manta da kafaɗarsa."

Ni ma na manta, ko in ce mun saba da mantawa. Auta yana da shekara goma, lokacin barbarar dabino, ma'aikacin da ke hawa bai zo ba, Baba kuma gwiwa ta hana shi. Ya sa yaron ya hau wata bishiya da ba ta da tsawo sosai. Igiya ta zame, ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama, ƙashin nan da ke gicciye daga wuya ya karye. A lokacin takardunmu sun ƙare ba a sabunta ba. Mahaifiyata tana kuka tana cewa a kai shi asibiti, Baba ya ce a'a, in aka tambayi takarda an gama da mu duka. Ya ɗauke shi ya kai wa wani tsoho maɗori a unguwar Anbariyya. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace, da wani ƙulli da ake gani ta cikin riga. Har ya girma kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma in sanyi ya zo tana masa ciwo. Ba a taɓa zama an yi maganar a gidanmu ba, ko sau ɗaya.

Baba ya ce, "A daidai wurin nan gindin bindiga yake zama. Sha biyu in ta shure shi a nan, zai ji a jikinsa. Ashirin zai saya. Ya koyi haƙuri, ya bari tsuntsu ya matso."

Ya ce shi zai faɗa da bakinsa. Ya yi wanka, ya sa farar jallabiya da hula, alhali murya kawai za a ɗauka. Sau uku muna gogewa don ya ce bai faɗa daidai ba. A na huɗu ya yi magana ta kusan minti bakwai. Ya ce ashirin, mai baki ɗaya ko biyu duk ɗaya ne. Ya ce ya nemi harsashi mai matsakaitan ƙwayoyi, ba na fakara ba, ba na gada ba. Kafin ya shiga daji ya kafa kwali a taki ashirin da biyar ya harba ya ƙirga hudojin da suka faɗa a wuya, in ba su da yawa ya matso, inda suka cika nan ne iyakarsa, kar ya wuce. Ya danna gindin bindiga a jiki sosai, kar ya bar rata. Kar ya harbi abin da bai ga kansa ba. In tsuntsu ya faɗi ya yi sauri ya yanka da bisimilla. Ya rufe da addu'a. Duk tsawon maganar bai ambaci kafaɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ashirin ba ta shuri."

Na san rabin kalmomin nan Auta ba zai gane su ba, don haka na zauna na rubuta masa fassarar da Larabci a ƙasa. Na tsaya a wurin shurin, na yi tunanin in ƙara masa dalilin. Ban ƙara ba. Na ce ba maganata ba ce.

Amsa ta zo washegari. Layi ɗaya: "Tamam, shukran Abuya." Na karanta wa Baba, na ce ya ce ya ji, ya gode.

Ya ce, "Sai me?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya gyaɗa kai. "Aiki ya yi masa yawa."

Bayan kwana uku Baba ya tafi masallacin unguwa sallar la'asar, na kira Auta ni kaɗai. Na ce ya ya ga bayanin Baba. Da Larabci yake amsa mini kamar kullum. Ya yi 'yan kame-kame, can ya ce, "Yaya, ni fa na riga na sayi bindiga. Sha biyu. Wani abokin aikina ya sayar mini da tasa, kowa a nan ita yake riƙewa."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin in tambaya."

Na ajiye almakashin da ke hannuna. Na ce, "To don me ka tambaye shi? Ka san mako uku tsohon nan bai yi tunanin komai ba sai wannan? Har kasuwar tsuntsaye muka je."

Ya ce, "Duk lokacin da na kira, ba ni da abin da zan ce masa. Na tuna an ce maharbi ne. Na ɗauka zai ce sha biyu a gama. Ban san zai ɗauke ta haka ba."

Na ce, "Don kafaɗarka ya ce ashirin."

Ina jin ƙarar mota ta wajensa. Sai ya ce, "Kafaɗata ta yi shekara kusan talatin a karkace, bai taɓa tambayata ya take ba." Ya ce yana tuƙi, zai kira. Ya kashe.

Ban gaya wa Baba ba. Wata ɗaya da rabi ya rage kafin a buɗe musu farautar, kuma kusan kullum sai ya tambaye ni ko lokaci ya yi, ko yaro ya gwada ta a kwali. In ce masa lokaci bai yi ba, wannan gaskiya ne. In ce ya gwada, wannan ban sani ba. Ina zuba masa abinci yana ci yana ba ni labarin dinya da zabin daji da wani karensa da kura ta kashe.

Hoton ya zo wata ranar Asabar dab da magariba. Auta ne a durƙushe cikin wasu korayen itatuwa, sanye da kaya masu launin ganye, ya ɗaga wani ƙaton talo-talo baƙi mai sheƙi ta ƙafafu, bindiga a jingine da gwiwarsa. Na yi ta juya wayar a hannuna. Na yi niyyar ɓoyewa, amma ya rubuta a ƙasa cewa a nuna wa Abuya. Na kai masa.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Masha Allahu, ya samu." Ya kai wayar dab da idonsa, ya ce in buɗa masa wurin tsuntsun. Na buɗa. Ya ce wuya ya harba, ya yi daidai. Ya ce in buɗa wurin bindigar. Na buɗa. Ya daɗe a nan. Ya kwatanta bakin da yatsun Auta da ke kusa da shi.

Ya ce, "Wannan sha biyu ce."



Ya ce in mayar da hoton yadda yake. Ya sake kallo. "Ƙaninki ba bahago ba ne. Me ya sa ya ɗaga tsuntsu da hagu?" Sai a lokacin na lura. Hannunsa na dama yana naɗe a cikinsa, kafaɗar ta rankwafo, murmushin da yake yi ma na cije haƙora ne.

Baba ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Kin sani?"

Na ce, "Na san ya sayi sha biyu. Hannun ban sani ba."

"Tun yaushe?"

Na gaya masa gaskiya duka, har da cewa tun kafin ya tambaya. Abin da Auta ya faɗa a kan kafaɗarsa ne kawai na riƙe. Aka kira salla. Baba bai sauka masallaci ba, a ɗaki ya yi, a zaune. Abincin da na ajiye masa haka na ɗauke shi.

Daga baya Auta ya gaya mini harbi biyu ya yi, na biyun ya ji kamar an sare shi da gatari. Likita ya ce ƙashin bai sake karyewa ba, amma tsohon wurin ya kumbura, ya yi mako uku hannun a rataye.

Kwana huɗu Baba ba ya cewa komai sai abin da ya zama dole. Rana ta biyar ya ce in kira masa yaro, irin kiran da ake ganin juna. Na jingina wayar da kofi a gabansa, na tashi zan fita, ya ce in zauna. Auta ya fito, a ɗakin girkinsu yake, igiyar ratayar hannu a wuyansa. Suka gaisa. Baba ya yi masa barka da tsuntsu. Sannan ya ce:

"Ni na sa ka hau bishiyar nan. Uwarka ta ce a kai ka asibiti, ni na hana. Tsoro na ji, kar a kama mu a mayar da mu gida. Na zaɓi zaman Madina a kan ƙashinka. Ban taɓa faɗa maka ba. Ka yafe mini."

Auta ya kawar da kai gefe. Ya ce, "Khalas Abuya, haja gadima." Wato a bar shi, tsohon zance ne.

Baba ya ce, "Faɗa mini da Hausa."

Ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, da irin Hausarsa mai nauyin harshe, "Ba komai, Baba."

Baba ya jira. Ni ma na jira. Sai aka ji kukan 'yarsa daga wani ɗaki, ya ce bari ya duba ta, matarsa ta fita aiki. Baba ya ce Allah ya yi musu albarka. Na kashe wayar. Auta bai ce ya yafe ba. Ko kalmar ce ba ta zo masa ba, ko riƙe ta ya yi, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Kiran mako biyu ya ci gaba kamar dā. Gaisuwa, jiki, iyali, zafi, sai a miƙo mini waya. Baba ya koma rabin kofin kunu da kwanciyar hantsi. Da zafi ya tsananta ƙafarsa ta dama ta yi gyambo ta ƙi warkewa, muka yi ta zaryar asibiti, aka kwantar da shi sau biyu. Bayan an watse daga Hajjin shekarar da kamar wata ɗaya, wata safiya na gama shafa masa magani na shiga wanke hannu, na dawo na tarar ya cika. Ba ya riƙe da komai, bai bar wata magana ba.

Mai gyaran famfo da wasu maƙwabta su suka yi masa wanka suka ɗauke shi. Aka yi masa salla a Masallacin Manzo bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a, abin da ya yi shekara arba'in yana roƙon Allah ya ba shi. Mata ba sa shiga maƙabartar, don haka daga bayan katanga na tsaya, ina hangen kawunan maza har suka shige can ciki na daina rarrabe namu da na wasu, domin gawa biyar aka shiga da su tare.

Auta bai samu zuwa ba. A garin aka haife shi, amma sai da biza zai shigo, kuma gawa ba ta jira. Bayan wata huɗu ya zo Umra shi kaɗai, ya sauka a wani masauki a Anbariyya, ya ce ba ya son ya takura mini. Ya yi furfura a gemu. Washegari bayan sallar asuba, da aka buɗe ƙofar maƙabartar, muka je tare. Shi ya shiga, ni na tsaya a inda na tsaya dā. Ya fi awa ɗaya a ciki. Kaburburan wurin ba su da suna, tulin ƙasa ne da dutse ɗaya a kai, duk iri ɗaya, har inda ido ya ƙare. Ya fito takalmansa sun yi fari da ƙura, idonsa ja.

Ya ce, "Yaya, ta wane ɓangare yake?"

Na ce masa ban sani ba. Muka kira mai gyaran famfo, ya ce ta wajen gabas ne, kusa da wata hanya, amma an yi ta binne wasu tun lokacin, ba zai iya rantsewa ba. Auta ya sake komawa ciki. Ni na sami inuwa a gindin katanga na zauna ina jiran sa, har rana ta fara zafi masu gadi suka fara fitar da mutane.